Toxicity: Yadda albam na biyu na System of a Down ya shiga ta ƙofar nu metal ya wuce ta

Ranar Talata, 4 ga Satumba 2001, wasu samari huɗu 'yan asalin Armeniya mazauna Los Angeles suka saki albam ɗinsu na biyu. Sunan ƙungiyar System of a Down, sunan albam ɗin Toxicity. A makon farko an sayi kwafi kusan 220,000, abin da ya ɗora shi a saman jadawalin Billboard na albam 200 da suka fi ciniki a Amurka. Sai dai labarin wannan nasara ya iso ne a makon da jirage suka afka wa tagwayen benayen New York, don haka babu wanda ya samu sukunin taya su murna. Tun daga lokacin, duk mai maganar albam ɗin sai ya ɗaura shi da 11 ga Satumba, har wasu na cewa ya hango abin da ke tafe. Ni ban ga haka ba. An rubuta shi ne kan Los Angeles, kan gidajen yari da 'yan sanda da ƙwaya, kuma abin da ya raya shi shekara ashirin da ɗoriya yana cikin sautinsa.

Kafin a kai ga sautin, sai an san kasuwar da ya shigo ya tarar. Kiɗan metal ya girmi waɗannan samari. Tun wajen 1970 ƙungiyar Black Sabbath ta birnin Birmingham a Ingila ta share masa hanya: jitar lantarki da aka ƙure wa ƙara har sautinta ya dushe ya yi kauri, ganguna masu nauyi, mawaƙi mai buɗe maƙogwaro. Abin da aka kira nu metal reshe ne da ya tsiro a Kalifoniya a tsakiyar shekarun 1990, kuma yawanci ana fara lissafinsa daga albam na farko na Korn a 1994. Su ne suka yayata jita mai tsirkiya bakwai maimakon shida, suka sassauta tsirkiyoyin har sautin ya koma ƙasa-ƙasa yana rugugi, suka yar da dogon kiɗan jita na nuna gwaninta da tsofaffin 'yan metal ke taƙama da shi, suka ɗauko bugun hip-hop suka ɗora a kai. Waɗanda suka biyo baya suka ƙara da gambarar zamani da DJ mai goga faifai. Jigon waƙoƙin kuwa kusan ɗaya ne: an cuce ni ina yaro, gida ba a fahimce ni ba, budurwa ta yaudare ni, raina a ɓace yake.

Kuma abin ya yi kasuwa ba ta wasa ba. A Oktoban 2000 albam na uku na Limp Bizkit ya sayar da kwafi sama da miliyan ɗaya cikin mako guda. A wannan watan dai Linkin Park suka fitar da Hybrid Theory, wanda ya zama albam mafi ciniki a Amurka a 2001. Kamfanonin faifai suka bazama neman duk wasu samari masu jita da ƙorafi. Zuwa tsakiyar 2001 kasuwar ta cika maƙil, waƙoƙin sun fara kama da juna, masu sharhi a mujallu sun gundura, sunan nu metal ya fara zama gori.

System of a Down sun taso a lokaci ɗaya da waɗannan ƙungiyoyi, sun hau dandamali ɗaya da wasunsu a bikin kiɗan metal na Ozzfest, shi ya sa aka zuba su a kwando ɗaya. Amma gidan da suka fito daban ne. Serj Tankian, babban mawaƙin, an haife shi a Beirut, haka ma mai ganguna John Dolmayan. Yaƙin basasar Lebanon ne ya kaɗo iyalansu zuwa nahiyar Amurka. Shavo Odadjian mai jitar bes haifaffen Yerevan ne, babban birnin Armeniya. Daron Malakian mai jita, wanda shi ke tsara mafi yawan kiɗan, a Los Angeles aka haife shi, iyayensa Armeniyawa ne da suka yi ƙaura daga Gabas ta Tsakiya, kuma yana da dangi a Iraƙi. Uku daga cikinsu sun yi makarantar Armeniyawa guda a unguwar Hollywood. Sun tashi da labarin kisan kiyashin da aka yi wa kakanninsu a ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkiyya daga 1915, kisan da gwamnatin Turkiyya har yau ba ta yarda a kira shi da wannan suna ba. Yaron da ya tashi da irin wannan labari a bakin kakansa, fushinsa ba ya tsayawa a kan uwa da budurwa. Gwamnati yake kallo.

Albam ɗinsu na farko ya fito a 1998 a ƙarƙashin kamfanin American Recordings na Rick Rubin, mutumin da ya haɗu da wani suka kafa kamfanin faifan hip-hop na Def Jam, ya yi wa Beastie Boys da Slayer da Johnny Cash furodusa. Ɗanyen albam ne, mai kaushi, cike da ihu da sauye-sauye na ba-zata. Bai yi tashe nan take ba. Shekara uku suka yi suna yawon wasa, suna buɗe wa manya irin su Slayer fage, mabiya na ƙaruwa a hankali. Wannan jinkiri ya amfane su. Yawancin ƙungiyoyi na faɗuwa a albam na biyu saboda kamfani ya matsa musu su maimaita abin da ya yi ciniki cikin 'yan watanni. Su kuwa sun shiga situdiyon Cello a Hollywood a 2001 da waƙoƙi fiye da talatin, suka tace 14, duka-duka minti 44.

To mene ne a cikin sautin? Abu na farko da kunne ke kamawa shi ne yadda kiɗan ke tsayawa cak ya tashi. Albam ɗin yana buɗewa da bugu ɗaya tak na jita da ganguna tare, sai shiru, sai raɗa, sai bugun ya dawo. Wannan wasa da shiru ya ratsa albam ɗin gaba ɗaya. Malakian ya sassauta tsirkiyoyin jitarsa kamar sauran 'yan zamaninsa, nauyin nan na ƙasa yana nan, amma bai ɗauki rangajin hip-hop ɗinsu ba. Gudunsa na Slayer ne da na 'yan punk irin su Dead Kennedys: yanka-yanka, da sauri, ba ja. Babu DJ, babu gambara ta haƙiƙa, duk da Tankian kan zazzago kalmomi da saurin da ya fi na mai gambarar. Kuma waƙoƙin gajeru ne. Uku daga ciki ba su kai minti biyu ba, mafi tsawonsu ma minti huɗu ce ko kusa da haka. Malakian ya sha ambaton Beatles cikin waɗanda ya koya daga gare su, kuma a nan ake ganin koyon: a cusa sassa huɗu ko biyar masu bambancin yanayi cikin minti uku, kowane da karin da za a iya rerawa.

Abu na biyu, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan albam ɗin, shi ne murya biyu. A albam na farko Tankian kusan shi kaɗai ke ɗauke da waƙa. A Toxicity Malakian ya shigo da tasa muryar, siririya, mai fita ta hanci, ya jingina ta da ta Tankian mai faɗi da zurfi. Idan suka haɗu a amshi, tazarar da ke tsakanin muryoyin da yadda karin ke lanƙwasa ba irin na waƙar rock ta Amurka ba ne. Wanda kunnensa ya saba da waƙoƙin Larabawa ko na Turkawa zai ji wani abu da ya sani: hawa da saukar nan mai ɗan karkata, mai ɗauke da kewa ko da kiɗan na gudu. Daga waƙoƙin biki da na coci na Armeniyawa suka gaje shi. Ba su ɗauko shi don ado ba, irin yadda wasu ke liƙa kayan kiɗan Gabas a farkon waƙa don a ce sun yi sabon abu. Yana cikin ginin waƙar, har a salon jitar da ake maimaitawa.

A duba “Chop Suey!”, wadda ita aka fara saki a watan Agusta. Tana farawa da jita marar lantarki, ganguna su shigo suna mirginawa, sai komai ya fashe. Baitocin farko ana harba su ne guntu-guntu, ihu da raɗa suna karɓeɓeniya. Kafin mai sauraro ya daidaita zama, gudu ya faɗi ƙasa, amshi ya zo a hankali da murya biyu kamar waƙar makoki. A ƙarshe piyano da kayan kiɗa masu tsirkiya irin na goge suka lulluɓe ta, Tankian na rera kalmomin da Kiristoci ke karantawa a Linjila game da sa'ar gicciye. Duk wannan cikin minti uku da rabi. Malakian ya bayyana cewa jigonta shi ne yadda mutane ke yanke wa mamaci hukunci gwargwadon yadda ya mutu, ta yadda wanda ƙwaya ta kashe sai a ce shi ya ja wa kansa.

Waƙar da aka sa wa albam ɗin sunanta kuwa, a ganguna take. Yawancin kiɗan rock bugu huɗu-huɗu ne. Dolmayan ya ɗora wannan a kan bugu shida-shida mai rausaya, yana cika tsakani da ƙananan bugu masu sauri, sai can ƙarshe ya miƙe da gudu. Ga yaron Amurka na 2001 wannan baƙon abu ne a tashar rock. Wanda ya tashi a Afirka ta Yamma kuwa ba zai ji shi baƙo ba, domin kiɗan gangunan yankin cike yake da wannan lissafi. “Aerials”, wadda ta rufe albam ɗin, ita ce ta fi nisa da nu metal: tafiyarta a hankali, kusan ba ihu, nauyinta daga faɗin sauti yake zuwa. Bayan ta ƙare akwai wani ɓoyayyen kiɗa da ba a rubuta a bayan faifan ba, tare da Arto Tunçboyacıyan, mawaƙi ɗan asalin Armeniya haifaffen Turkiyya, wanda aka gina kan wata addu'ar neman jinƙai ta cocin Armeniyawa. Miliyoyin matasan Amurka sun saurari wannan addu'a ba tare da sun san abin da suke ji ba.

Akwai hannun mutum biyu a bayan fage da bai kamata a manta ba. Rubin sananne ne da rage kwalliya: ya bar kowane kayan kiɗa ya fito a bushe, a kusa da kunne. Andy Wallace, wanda ya haɗa sautin albam ɗin Nevermind na ƙungiyar Nirvana shekara goma kafin nan, shi ya haɗa wannan. Aikinsa ne ya sa kiɗa mai wannan hargitsi ya zauna daram a rediyon mota, ana jin kowace kalma. Wasu tsofaffin masoya sun yi ƙorafin an goge kaushin albam na farko, kuma ba su yi ƙarya ba. Amma ba don wannan gogewar ba, da haɗin muryoyin ya nutse cikin hayaniya.

Ta fuskar kalmomi, waƙar farko, “Prison Song”, ita ce ta fi fitowa fili. Kusan lacca ce aka ɗora wa kiɗa: Amurka na tsare da mutum kusan miliyan biyu a gidajen yari, dokokin da suka ɗaure hannun alƙali, suka ƙayyade shekarun ɗaurin da ba zai yanke ƙasa da su ba ga laifin ƙwaya, ba su rage shaye-shaye ba, magani ya fi ɗauri amfani. Ba ƙirƙira ba ce. Dokar tarayya ta 1986 ta sa hukuncin giram ɗaya na hodar iblis mai dunƙule, wadda talakawa suka fi sha, daidai da na giram 100 na garinta. Kalifoniya kuma ta kafa dokar laifi uku a 1994, wadda ke iya kai mutum ɗaurin shekara 25 zuwa rai-da-rai a karo na uku. “Deer Dance” ta tsaya kan abin da ya faru a Agustan 2000, lokacin babban taron jam'iyyar Democrat a zauren Staples Center, inda 'yan sandan Los Angeles suka tarwatsa masu zanga-zanga da harsashin roba bayan wasan ƙungiyar kiɗa ta Rage Against the Machine.

Sai dai kada a ɗauka albam ne na wa'azin siyasa daga farko har ƙarshe. “Bounce” shaƙiyanci ce tsagwaronta, mai batsa a lulluɓe. “Psycho” kan 'yan matan da ke bin mawaƙa da hodar iblis take. Wasu baitocin kuwa ko marubucinsu sai ya yi da gaske zai fassara su, kuma ina zargin wani lokaci daɗin furuci aka bi, ma'ana ta biyo baya in ta ga dama. “X” da “Shimmy” ba su da wani abin da waƙoƙin da ke gefensu ba su faɗa da kyau ba. Ga kuma “ATWA”, mai daɗin kari ƙwarai, wadda aka gina kan tunanin Charles Manson game da muhalli, mutumin da ke ɗaure a lokacin saboda kashe-kashen da mabiyansa suka yi a 1969. Daɗin karin bai hana a tambayi hikimar zaɓen ba.

Karɓuwar albam ɗin ta fara da tarzoma tun kafin ya fito. Ranar 3 ga Satumba ƙungiyar ta shirya wasan kyauta a wani filin ajiye motoci a Hollywood don gode wa masoya. An yi tanadin mutum 3,500, waɗanda suka zo sun ninka haka aƙalla sau biyu. Hukumomi suka soke wasan, ba a fito an yi wa taron bayani ba. Jama'a suka haye dandamali, suka farfasa kayan kiɗa na kimanin dala 30,000, rikici ya bazu kan tituna, aka kama mutum shida. 'Yan sanda da kulake a titin Los Angeles suna korar matasa, kwana ɗaya kafin fitar albam mai waƙa kan wannan abu daidai. Da kamfanin talla ne ya tsara, da an ce ya yi ƙari.

Kwana takwas bayan haka aka kai harin 11 ga Satumba. Kamfanin Clear Channel, mai tashoshin rediyo sama da dubu a lokacin, ya zagaya da jerin waƙoƙi fiye da 160 da ya ga bai dace a sa ba a wannan yanayi. Shawara ce, ba doka ba, kuma jerin ya haɗa har da “Imagine” ta John Lennon da duk waƙoƙin Rage Against the Machine. “Chop Suey!” na ciki, saboda amshinta na ambaton kashe kai da mutuwar mala'iku. Asalin sunanta ma kalmar kashe kai ce, aka sauya tun kafin fitarta don gudun kada rediyo ta ƙi ta. Wasu kuma suka tono “Jet Pilot”, mai maganar matuƙin jirgi, suka ce ga shaida. Waƙoƙin nan an naɗe su watanni kafin harin. Tsoro ne ya sa mutane jin abin da ba a faɗa ba.

Tankian ya ƙara wa wutar fetur. Ranar 13 ga Satumba ya wallafa wata maƙala a shafin ƙungiyar mai suna “Understanding Oil”, inda ya danganta harin da manufofin Amurka a Gabas ta Tsakiya da kwaɗayin man fetur, ya kuma yi gargaɗi kan ramuwa da bama-bamai. Kamfanin Sony, mai rarraba faifansu, ya cire ta. Aka yi ta kiransa maci amanar ƙasa, sai da ya shiga shirin rediyon Howard Stern ya kare kansa, kuma daga baya ya ba da labarin yadda abokan ƙungiyarsa suka fusata da shi don tsoron abin da zai iya samun su. A tuna, samari ne masu sunaye da kamannin Gabas ta Tsakiya, biyu haifaffun Beirut, a Amurkar da ta daina bambance Ba'armeniye Kirista da kowa. A haka suka fita yawon wasa tare da Slipknot da Rammstein a ƙarshen watan.

Duk da haka albam ɗin bai durƙushe ba. The Blueprint na Jay-Z ya sauke shi daga saman jadawali bayan mako ɗaya, amma ya ci gaba da tafiya. Mujallar Spin ta zaɓe shi albam mafi kyau na 2001, abin da ba ƙaramin abu ba ne daga masu sharhin da suka riga suka juya wa nu metal baya suka koma yabon The Strokes. Yawancin sharhin da aka yi a lokacin abu ɗaya yake maimaitawa: waɗannan ba irin sauran ba ne. “Chop Suey!” ta shiga takarar Grammy a 2002, Tool suka lashe, “Aerials” ta shiga a 2003, Foo Fighters suka lashe, amma ta hau saman jadawalin rock guda biyu na Billboard. Kafin ƙarshen 2002 an tabbatar da cinikin kwafi miliyan uku a Amurka, a 2022 aka ɗaga lissafin zuwa miliyan shida. A 2020 bidiyon “Chop Suey!” ya haye kallo biliyan ɗaya a YouTube, kuma da yawa cikin masu kallon ba a haife su ba lokacin da aka ɗauke shi.

Shin nu metal ne ko ba shi ba? Su kansu sun sha ƙin sunan. Gaskiyar magana, ba don Korn da Limp Bizkit sun horar da tashoshin rediyo da MTV su karɓi jita mai wannan nauyi ba, da albam mai addu'ar cocin Armeniyawa da lacca kan gidan yari bai ga saman Billboard ba. Sun ci moriyar kasuwar, ko sun so sunan ko ba su so ba. Amma kwatanta shi da Iowa na Slipknot, shi ma albam na biyu, wanda ya fito mako ɗaya kafinsa ya hau saman jadawalin Birtaniya, yana nuna hanyoyi biyu da aka bi don tsere wa gundurar da ta kama salon. Slipknot sun ƙara nauyi da duhu har ƙurya. System of a Down sun ƙara kari da murya. Lokacin da kasuwar nu metal ta faɗi wajen 2003, ƙungiyoyin da ba su da komai sai rugugin jita da ƙorafi sun tafi tare da ita, waƙar da ake iya rerawa kuwa ta samu masu rera ta.

Sauran waƙoƙin da aka bari a situdiyo ma ba su kwanta ba. A farkon 2002 wasu da ba a kammala ba suka ɓulla a intanet, masoya suka sa musu suna Toxicity II. Ƙungiyar ta koma ta gyara su ta fitar a Nuwamban 2002 da sunan Steal This Album!, faifan ba hoto ba ado, an rubuta sunan kamar da alƙalamin maka, tamkar kwafin sata.

Haɗin murya biyun nan da ya ɗaga su, shi ne kuma ya zo da tsaga. A Mezmerize da Hypnotize, albam biyu da suka fitar a 2005 kuma kowanne ya hau saman Billboard, Malakian ya karɓi kaso mafi girma na rubutu da rerawa, Tankian kuma ya fito fili daga baya ya ce bai ji daɗin yadda ake raba iko da ƙirƙira ba. Suka tafi hutu a 2006, suka dawo wasan dandamali a 2011, suna cika filayen ƙwallo har yau, amma ba su sake yin albam ba. Abin da ya iya mayar da su situdiyo shi ne yaƙin Nagorno-Karabakh na 2020 tsakanin Armeniya da Azarbaijan, inda suka naɗi waƙa biyu kacal, suka tara sama da dala 600,000 don agajin waɗanda yaƙin ya raba da gidajensu.